Dodon inji da dodon hannu: amsa ga mai shirin littafin tatsuniya

Malama, tambayarki biyu ce a haɗe. Kin ce kina shirya ƙaramin littafin tatsuniya na yara, kina neman hoton Dodo, kin raba dare kina sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana miki, ta zubo dodanni rututu amma babu wanda ya kwanta miki a rai, ga shi kuma kin kasa dainawa. Sai kika tambaya: tsakanin inji da mai zane wa ya fi iya dodo, kuma me ke sa mutum da hankalinsa ya yi ta danna abin da ya ga ba ya biya masa buƙata? Ni a ganina tushen tambayoyin ɗaya ne, don haka bari in jera miki su kafaɗa da kafaɗa.

Inji irin su Midjourney da Stable Diffusion da lissafi yake samo dodonsa. An horar da shi da tulin hotunan da aka kwaso daga intanet, kowanne da ɗan rubutun da ke gefensa. Rumbun LAION-5B, wanda daga cikinsa aka ɗebi hotunan horar da Stable Diffusion da ya fito a 2022, ya haura hoto biliyan 5. Idan kin rubuta umarni, injin yana farawa ne da ɗige-ɗige barkatai, irin tsaki-tsakin da tsohuwar talabijin ke nunawa in tasha ta ɗauke, sai ya riƙa share su kaɗan-kaɗan har wata siffa ta fito. Siffar da yake bi ita ce wadda ta fi yawan zuwa tare da kalmomin da kika ba shi. Shi ya sa kike ta samun ƙaho, da haƙora zaƙo-zaƙo, da jajayen idanu, da fata mai ɓawo, domin su ne suka cika finafinai da wasannin kwamfuta na Amurka da Japan. In kin ce masa ya ƙara ban tsoro, haƙora zai ƙara.

Mai zane na gaske kuwa sau da yawa ragewa yake yi. H. R. Giger, ɗan ƙasar Suwizalan da ya tsara halittar fim ɗin Alien na 1979, ya ba ta dogon kai mai sulɓi, babu idon da ake gani ko ɗaya. In hankali tsantsa za a bi, wannan shawara ba ta da kan gado: ina aka taɓa ganin abin da ke farautar mutane ba ido? Amma shi hujjarsa ita ce abin da ba ka san ko kai yake kallo ba ya fi tayar da tsikar jiki. Sama da shekara arba'in ke nan ana kwaikwayon wannan kai. Shawara irin wannan daga cikin cikin mutum take fitowa, daga abin da shi kansa ya taɓa jin tsoro, kuma inji mai bin abin da ya fi yawa da wuya ya faɗa kanta da kansa.

Tun 1799 Francisco Goya, mai zanen Sifaniya, ya taɓo wannan batu. A zane na 43 cikin jerin zanensa 80 na Los Caprichos, wani mutum ya kifa kai a kan tebur yana barci, mujiyoyi da jemagu sun yi masa rumfa ta baya, wata kyanwar daji na kwance a ƙasa ido buɗe. A jikin teburin an rubuta cewa barcin hankali ke haifar da dodanni. Wani bayanin da ake jingina masa ya ƙara da cewa tunani in hankali ya yashe shi dodanni yake haifarwa, in kuwa suka haɗu shi ne uwar fasaha. Wannan rabi na biyu shi ake yawan mantawa, alhali shi ne aikin mai zane: ya bar abin da ba shi da dalili ya fito, sa'an nan ya zauna da idon basira ya tace.

Naki Dodon ma ya fi na Giger wahala ga inji. Dodon tatsuniya da murya ya zo mana, cikin duhu, kuma masu ba da tatsuniya ba sa cika siffanta shi ƙafa da kai. A ce maka gashi buzu-buzu, a ce ya haɗiye mutum ɗungurungum, a yi maka muryarsa, sauran kowane yaro shi ke ƙarasawa a ransa. Abin da ba a cika zanawa an ɗora a intanet ba, inji bai gan shi da yawa ba, sai ya cike gurbin da dodon Turawa ya ɗora masa bukka a baya.

To ina injin ya yi zarra? Wajen kuskuren da hannun mutum ba zai yi ba. A 2015 wani injiniyan Google, Alexander Mordvintsev, ya fitar da DeepDream, wanda ke cusa fuskokin karnuka da idanu a jikin gajimare, da bishiya, da kwanon taliya. Dalilin a fili yake: cikin rukunai 1,000 na hotunan ImageNet da aka horar da shi, kusan 120 nau'o'in kare ne. Abin da ya fi gani shi yake gani a ko'ina.

Wanda ya fi wannan ɗaga hankali shi ne na Steph Maj Swanson, wata mai fasaha a Suwidin, wanda ta bayyana a watan Satumba na 2022. Ta nemi inji ya ba ta abin da ya fi nisa da sunan ɗan fim Brando, sai ya fitar da wani tambari mai rubutu marar ma'ana. Ta sake neman abin da ya fi nisa da wannan rubutun. Sai ga wata dattijuwa mai dogon baƙin gashi, kumatunta sun yi jajir, fuskarta kamar ta wadda aka yi wa rasuwa yanzu-yanzu. Ta sa mata suna Loab. Da ta riƙa haɗa hotonta da waɗansu hotuna, matar ta yi ta dawowa, sau da yawa cikin jini da gawarwaki. Babu mai zanen da zai bi wannan hanya da fensir. Amma ki lura da abu guda: cikin hotunan da injin ya fitar, Swanson ce gabanta ya faɗi a kan wannan fuskar, ita ta ware ta, ta raɗa mata suna, ta ci gaba da juya ta. Ga injin, Loab da hoton kujera duk ɗaya ne.

Wannan ne ya ɓata wa Hayao Miyazaki rai a wani shirin tashar NHK ta Japan a 2016. Ma'aikatan kamfanin Dwango sun nuna masa wani jiki da kwamfuta ta koya wa motsi, yana jan ciki a ƙasa, yana amfani da kai a matsayin ƙafa, suka ce zai dace da wasan gawarwaki masu tafiya. Dattijon ya ce shi wani abokinsa mai nakasa ya tuna, wanda ko ɗaga hannu su tafa yana yi masa wuya, ya ce wanda ya yi wannan bai san ciwo ba, kuma cin mutuncin rayuwa ne. Ba na bin sa har inda ya yi watsi da fasahar ɗungum, amma a littafin yara ina tare da shi. Inji ba ya bambance ban tsoro da ban ƙyama, kuma yana iya gina dodonsa da ƙusumbi, da kuturta, da baƙar fata ba tare da ya san wa ya taka ba. A ajin da za a karanta littafinki akwai yaron da ke da irin wannan jikin.

Yanzu ga batun kasa dainawa. Duk umarni ɗaya Midjourney hoto huɗu yake ba ki. Uku shirme, ɗaya ya kusa. Wannan “ya kusa” ɗin shi ke hana barci. A shekarun 1950 B. F. Skinner na Jami'ar Harvard ya nuna cewa tattabarar da ba ta san a sara na nawa hatsi zai faɗo ba ta fi naci a kan maɓalli fiye da wadda ta san ƙa'ida, kuma a kan wannan tsari injinan caca ke tafiya. Sai kuma ciwon abin da aka riga aka kashe. A wani gwaji da Hal Arkes da Catherine Blumer suka wallafa a 1985, an sayar da tikitin wasannin kwaikwayo na Jami'ar Ohio ga waɗansu a kan dala 15, waɗansu kuma aka yi musu ragi ba tare da sun nema ba. Waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi zuwa kallo a rabin farko na kakar, alhali wasannin ɗaya ne. Haka ke ma: data ta tafi, dare ya tafi, sai zuciya ta ce ai ba a tashi hannu rabbana. Jason Allen, wanda hotonsa na Midjourney ya ci gasar baje kolin jihar Colorado a 2022, ya ce sai da ya gyara umarni aƙalla sau 624.

Kin ga ke nan rashin bin lissafi wuri biyu yake fitowa. A hannun Giger shi ya cire ido. A gaban maɓalli shi ke cinye dare.

Sauran bambance-bambancen gajeru ne. A sauri da arha inji ya yi gaba, babu musu. A riƙe siffa ɗaya daga shafin farko zuwa na ƙarshe mai zane ya fi, domin inji kan sauya tsawon hannu ko yawan yatsu tsakanin shafi da shafi, ko da yake sababbin manhajoji da ake ba hoton misali sun rage wannan. A haƙƙin mallaka kuma akwai abin lura: a Satumba 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa hoton Allen rajista duk da umarninsa 624, saboda a wajensu ba hannun mutum ya zana ba. Dokar Amurka ce, amma in kina da niyyar sayarwa ta Amazon, su ma tun 2023 suna buƙatar marubuci ya bayyana musu in inji ya yi hotunansa. Batun hukuncin zana abu mai rai, da na san wasu za su ɗago, ki kai shi gaban malamin da kika amince da shi, ki kuma tambaye shi a kan injin da fensirin duka.

Da ni ce ke, zan rufe manhajar tukuna in rubuta abu uku kacal game da Dodona, har da abu guda da zan hana mai karatu gani, fuska ce ko ƙafafu. Sa'an nan in yanke wa kaina adadin gwaji tun kafin in fara, in tsaya a kansa ko da na ƙarshen ya kusa. Hotuna biyu ko uku da suka ba ni haske ko launi mai kyau in ɗauka in kai wa mai zane, ko da ɗalibi ne a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko wata kwaleji kusa da ke, in ba shi tatsuniyar da baki kafin ya ga hoto ko ɗaya. Ku rubuta yarjejeniya tun farko: nawa ne kuɗin kowane shafi, gyara sau nawa ne, kuma wa ke da zanen bayan an biya.