Madabod mai araha: abin dubawa kafin a saya maka daga Jamus

Ƙanena, ina gaisuwa, a gaida mutan gida. Game da kwamfutar tebur da kake son haɗawa, kada ka fara da madabod, wato babban faifan da ake haɗa duk sassan kwamfuta a kansa. Furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ake fara zaɓa, ita ke nuna irin soket, wato mazauninta a kan madabod, soket kuma shi ke yanke madabod da irin RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. In kuɗi ba yawa, har yanzu soket ɗin AM4 na kamfanin AMD ya fi sauƙi: tun 2016 yake kasuwa kuma RAM irin DDR4 yake ci. AM5 da ya fito a 2022 ba ya karɓar komai sai DDR5, wanda ke ɗaga kuɗin haɗin gaba ɗaya. Intel na da LGA1700, amma madabod ɗinsa iri biyu ne, mai DDR4 da mai DDR5, sandar RAM ɗin wannan ba ta shiga ramin wancan.

A kan AM4, madabod samfurin B550 zan ce ka ɗauka, girman micro-ATX, milimita 244 kowane gefe. Yana ba katin girafik, mai fitar da hoto, da ramin M.2 na farko, inda ake saka ma'ajiyar fayiloli ta SSD, gudun PCIe 4.0 (PCIe ita ce hanyar da bayanai ke bi zuwa gare su), shi kuwa samfurin A520 a 3.0 ya tsaya. Tsohon B450 ma yana aiki, sai dai a nan mutane ke shan wuya. Wanda ya daɗe a sito da tsohon BIOS, wato manhajar cikin madabod da ke tada kwamfuta, ba ya gane furosesar AMD jerin Ryzen 5000. Ka haɗa komai, fanka na ta juyawa, allo baƙi ƙirin. Don haka a nemi mai maɓallin sabunta BIOS ta filas ko babu furosesa a kai. ASUS na kiransa BIOS Flashback, Gigabyte kuma Q-Flash Plus.

Baƙin allon yana da wani dalili. Ryzen 5 5600 ba ta da girafik a cikinta, haka ma duk Intel mai harafin F a ƙarshe, ramin HDMI na bayan madabod ba zai kawo hoto ba sai an sa kati. In ba ka da kuɗin kati, 5600G ce taka. Ita kuwa iyakarta PCIe 3.0, ka ga ke nan da ita A520 ya wadatar, kuɗin B550 kusan asara ne.

Ka dubi gefen soket a hoto. In babu ƙarfen sanyaya a kan VRM, sassan da ke ba furosesa wuta, za su yi zafi a dogon aiki har gudu ya ragu. Fitilu masu launi ba sa ƙara komai. RAM kuma sanda 2 masu 8GB, DDR4-3200, a ramin A2 da B2, sannan a kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunta, a BIOS, in ba haka ba a 2133 ko 2400 za ta zauna.

Kayan nan Jamus dai iri ɗaya ne da wanda ke iso muku, masana'anta ɗaya. Bambancin yana bayan saye. A Tarayyar Turai, abin da aka saya ta intanet ana iya mayar da shi cikin kwana 14 ba sai an faɗi dalili ba, kuma doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin lahani na shekara 2. Wanda aka mayar ɗin ake sake sayarwa da rangwame, suna ce masa B-Ware, kuma sau da yawa kwali ne kawai aka buɗe. Na hannu daga wurin mutum kuwa, mai shi yana iya rubuta cewa babu garanti, doka ta yarda masa.

Amma wannan kariya ba ta da amfani sosai bayan kaya ya tsallaka teku, kuɗin mayarwa zai cinye ribar. Saboda haka a nan za a gwada shi a kan kwalinsa, da furosesa da RAM da pawa saflai, a ga ya shiga BIOS kafin kwana 14 su cika. In Intel ka zaɓa, allurorin da ke haɗa furosesa da madabod suna cikin soket ne, ba a jikin furosesa ba kamar AM4, kuma in ɗaya ta lanƙwashe shaguna kan ce laifin mai saye ne. A mayar da murfin robar soket ɗin kafin a sa shi a ledarsa, a haɗo da farantin baya, ƙarfen da ke rufe gefen ramukan USB da HDMI, da ƙaramin sukurun M.2, don shi ne ya fi saurin ɓata. Ka turo mini sunan furosesar da ka tsayar.