Rigakafin shan inna: allura ko ɗigo a baki?

Ƙwayar cutar shan inna ta baki take shiga, ta hayayyafa a hanji, ta fita a bayan gida.

Allurar da likita Jonas Salk ya ƙirƙiro, wadda aka amince da ita a 1955, matacciyar ƙwaya ce. Tana tara wata garkuwar jiki mai suna IgG a jini, ta tsare jijiyoyi, yaro ba zai shanye ba. Sai dai hanjinsa bai samu wani tsaro sosai ba, yana iya ɗaukar ƙwayar ya yaɗa alhali shi lafiya lau.

Ɗigon da likita Albert Sabin ya ƙirƙiro kuwa ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Tana bin hanyar cutar, ta sa bangon hanji ya fitar da wata garkuwar mai suna IgA mai tare ƙwayar tun a ƙofa. Ga sauƙin bayarwa. Amma inda yara da yawa ba su karɓa ba, ƙwayar ɗigon takan rikiɗe ta koma mai illa, abin da ya sa aka cire nau'i na 2 cikin nau'o'in ƙwayar guda uku daga ɗigon a 2016. Yawan gudawa ma na rage ƙarfinsa.

Inda cutar ke yawo, ni ɗigo zan fifita, a haɗa da allura.