Sharhi: Kewaya Tsohuwar Gadar Makurdi da Kwalekwale

Na sha tsallaka kogin Binuwai ta kan tsohuwar gadar Makurdi, amma sai a watan Oktoban da ya gabata na sauka mashigin da ke gefen unguwar Wadata, na yi ciniki da wani ɗan fito a kan ya kai ni ƙarƙashin gadar a kwalekwalensa mai inji, ya dawo da ni. Mun yi kusan awa guda a kan ruwa, kuma ban yi nadamar kuɗin da na biya ba.

Wanda yake bi ta sama ba ya sanin girman wannan aiki. An buɗe gadar a shekarar 1932, ta ɗauki layin dogo da hanyar mota a jiki guda, kuma kafin a gina ta, taragon jirgin ƙasa da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu sai an ɗora su a kan jirgin ruwa a tsallakar da su kafin su kama hanyar Kafanchan da Kaduna. Da matuƙin ya rage gudu muka shiga tsakanin ginshiƙai, na ɗaga kai na ga ƙarafan da aka sarƙe da ƙusoshi bila adadin, na kuma ga tabon da ruwa ya bari a jikin ginshiƙan. Ya nuna mini inda ambaliyar 2012 ta kai, shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ya ce, "Malam, ka riƙe gefe da kyau, nan ruwa murɗawa yake yi." Haka kuwa aka yi, domin bayan kowane ginshiƙi ruwan yana juyawa da ƙarfi, shi kuma ya karkata kan jirgin tun kafin mu isa wurin. Gwanintarsa ita ce abin da ya fi burge ni, haɗe da yadda yake kauce wa jiragen yashi masu dawowa maƙil da kaya, bakinsu dab da ruwa.

Mashigin kansa shi ne inda nake da ƙorafi. Babu dakalin da mutum zai taka ya shiga jirgi, sai wani katako mai santsi da aka shimfiɗa a kan laka, kuma jiragen an ɗaure su ne a turaku cikin cunkoso, ta yadda sai na ratsa kwalekwale biyu kafin na kai ga namu. Na ga wata dattijuwa ɗauke da kwandon kifi tana wannan ratsawa, hankalina bai kwanta ba har ta zauna.

Abin da ya fi damuna shi ne rigar kariya daga nutsewa. Da na tambaya, guda ɗaya aka samo mini, igiyarta ma a tsinke, alhali kogin yana cike a ƙarshen damina. Ina ba duk mai niyyar zuwa shawara ya tafi da safe kafin iska ta tashi, ya gama ciniki tun yana kan tudu, kuma ya ƙi shiga jirgi har sai an ba shi riga mai kyau ya ɗaura.