Masar Asabar a Terminus

Tun da na fara rage ƙiba, mai masar nan ta kusa da Terminus a Jos kaɗai ke sa ni karya doka, shi ma sai Asabar. Masarta laushi, gefe ya soyu, miyar taushen ta ji kabewa. Sai dai hannunta da nauyi wajen mai, ga shi giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4. Shi ya sa nake cewa, "Hajiya, huɗu kawai, ban da sukari." Wallahi kwaɗayin dare ya ragu, cincin yarana ma ya huta. Amma a ci a can. In aka ƙunso zuwa gida, goma ma sai ta tafi. A je da wuri, akwai layi.