Ram biyu da na yi oda daga Kano, sun tashi a duwal chanel amma ba 'yan gida ɗaya ba ne

Ni aikin bidiyon biki nake yi nan Katsina, ɗan shagona na wajen Ƙofar Ƙaura. Kwamfutata Ryzen 5 5600G ce, ba ni da girafik kad daban, duk wahalar hoto a cikin furoseso take, shi kuma daga ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, yake ɗibar abin da zai yi aiki da shi. Da na gaji da 8GB ɗaya tilo sai na ce bari in sayi biyu lokaci guda, takwas-takwas, DDR4 masu gudun 3200. Na kira mutumin da muka saba saye wurinshi a Kano, na ce mashi Alaji don Allah 'yan kwali ɗaya nake so, ya ce kar in damu tagwaye ne. Direba ya kawo mani tasha da la'asar, a leda, ba kwali, ban ma kawo komai a raina ba.

Na soka su a ramuka biyu na farko kusa da juna, Windows ta nuna 16GB, na ce shi ke nan. Amma bidiyo na nan yana tsinkewa in ina ja baya da gaba, kamar ban kashe ko sisi ba. Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a jami'ar Umaru Musa Yar'adua ya leƙo, ya sauke CPU-Z, manhajar da ke nuna kayan cikin kwamfuta, ya buɗe shafin ram ɗin ya ce Kawu ai a hanya ɗaya suke tafiya, ba hanya biyu ba, wato duwal chanel. To wannan laifina ne, na ɗauka. Bodi (babban faifan cikin kwamfuta) mai rami huɗu ashe biyun farko layin A ne, biyun ƙarshe layin B, kuma yawanci na biyu da na huɗu ake sa wa in ka ƙirgo daga furoseso, wato A2 da B2, har a jikin bodin an rubuta da ƙananan haruffa ni ne ban taɓa dubawa ba. Yaron ya ce a 3200 layi ɗaya 25.6GB yake ɗauka a daƙiƙa, biyu kau ninki ne, kuma irin furosesona shi ya fi kowa jin bambancin.

Muka mayar da ɗaya B2, na danna makunni, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Na kashe na kunna ya fi sau biyar. Ranar ina da bidiyon kamu da na yi alƙawarin bayarwa da safe, uwar amarya ta riga ta kira sau biyu, wallahi kaina ya yi zafi, na kira Kano na zazzage ma bawan Allah abin da ke cikina, na ce ya turo mani mataccen kaya. Shi dai abin da yake ta maimaitawa, Alaji kaya lafiya lau suka bar nan.

Kuma a wannan gaskiyarshi ce. Muka gwada kowanne shi kaɗai a A2, duk biyun sun tashi. Kowanne muka sa a B2, shiru. Yaron ya fara tsorata ni wai ko ƙafar furoseso ce ta lanƙwashe, don irin nawa, na AM4, allurorin a jikinshi suke kuma guda ɗaya ta karkace tana iya kashe layi sukutum, ko kuma an ɗaure notin fanka ya wuce ƙima. Kafin a kai ga kwance wannan sai ya haska ramin da fitilar waya. Jama'a ƙura. Ramin nan shekara biyu yana buɗe, hunturu biyu ya sha, ni kuma shagona bakin titi. Muka zare wuta, ya bi shi da busasshen burushi a hankali, ya hure, ya goge haƙoran ram ɗin da kilinan fensir, ya cire ɗan batirin bodin na minti biyar ya mayar, sannan ya danna ram ɗin da ƙarfi har sai da maƙallin ya ce ƙas. Ta ɗan yi jim, sai ga hoto. CPU-Z ya nuna layi biyu.

Bambancin kam akwai shi, ba zan ɓoye ba, bidiyon ya daina tsinkewa, na gama aikin kamun kafin asuba. Da safe na kira Alaji na ba shi haƙuri, har na ce zan turo mashi abokan sana'a.

Da ma na bari kwana biyu kafin in ba da haƙurin nan. Don da na duba gudun da suke yi bai kai 3200 ba, muka shiga BIOS, wato saitin bodin, muka kunna XMP mai sa ram ya yi cikakken gudunshi, minti goma ba a yi ba allo ya koma shuɗi kwamfuta ta tsaya, aka sake, haka. Muka koma CPU-Z shafin SPD, inda ake ganin ainihin bayanin kowane ram, muka duba rami-rami, ashe ɗaya ne kawai ke da 3200 a cikinshi, ɗayan iyakarshi 2666, kamfanin ma ba ɗaya ba, amma sitikar da ke jikinsu iri ɗaya sak, har lambar. Tagwayen ke nan! Wani ya zauna ya liƙa takarda, ni kuma na biya kuɗin 3200 guda biyu. Yanzu a 2666 na bar su don mai sauri dole ya jira maras sauri, a haka ba su ba ni matsala, na bar MemTest86 mai gwajin ram ya kwana yana gudu ba kuskure ko ɗaya.

Na tura mashi hoton allon ta WhatsApp, ya ce shi ma haka aka kawo mashi, in maido zai canza in kaya sun iso, kuɗin direba zuwa da dawowa kuma a kaina. Yau sati uku, kaya ba su iso ba, ni kuma ba zan cire ram in zauna da 8GB ana tsakiyar bukukuwa ba. Abokan sana'ar da na ce zan tura mashi dai har yanzu ban ba kowa lambarshi ba.