Kayan shagon kafinta a Kumasi: wanne za ka saya, wanne za ka ƙera da hannunka?

Yaro ya gama koyo, maigidansa ya sallame shi da addu'a, ya kama ɗan shago a Aboabo ko Asawase, ko kuma ya samu gefen rumfa a Sokoban, matattarar kafintoci da masu katako. Zarto yana da shi, guduma da cizal ma haka. Abin da ya rage shi ne inda zai ɗora aikin da inda zai ajiye kayan: teburin aiki, jakunan da ake ɗora katako a yanka, kantar jera falanki, da wurin kulle kayan aiki in dare ya yi. Kuɗin kuwa kaɗan ne, don mai shago ya riga ya karɓe na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 wata shida kawai ta yarda a karɓa gaba. To a nan ake tsayawa a yi shawara, a saya ne ko a ƙera.

Ni dai ra'ayina a fili yake. Abin da yake na katako, wanda dole ya dace da tsayinka da faɗin shagonka, ƙera shi. Abin da yake na ƙarfe, mai zare ko mai makulli, sa hannu a aljihu ka saya. Akwai inda wannan magana ba ta ci ba, za mu zo kansa.

Teburin aiki shi ne babban magana

Teburan da ake shigowa da su a kwali, waɗanda za ka gani a manyan shagunan kayan gini ko a Jiji, kasuwar intanet, suna da kyau a ido. Ƙafafun ƙarfe masu fenti, durowa biyu, allo mai huda-huda na rataye kaya. Ka haɗa shi da yamma, gobe da safe kana aiki. Wannan saurin shi ne babban abin da kuɗinka yake saya, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda aikin mutane ke jiransa. Amma je ka dafa gefensa ka tura da ƙarfi kamar kana fere katako. Yawancinsu za su yi rawa, don ƙarfen siriri ne, teburin kuma ba shi da nauyi. An yi su ne domin mai gyaran rediyo ko mai ɗan kwance-kwance a gareji. Kafinta da zai kwantar da ƙofa ya yi ta dukan cizal tun safe, tebur mai nauyi yake so, wanda zai shanye duka bai motsa ba.

Sai kuma saman. Galibi MDF ne ko matsattsen garin katako, kuma damina biyu muke da ita a Kumasi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba. Shagon da gabansa a buɗe yake, feshin ruwa na shigowa, irin wannan allo kumbura yake yi ta baki, ya fara zuba, sukuru ya daina kamawa. In ya kumbura kuma ba ya komawa, ba a kuma iya fere shi a daidaita. Araha ba ta ado.

Akwai teburan Turai na ainihi, na katako mai tauri, masu bayis biyu a jiki, wato ƙarfen da ake murzawa ya matse katako yayin aiki. Ba a kushe su. Sai dai ka haɗa kuɗin teburin da na jirgi da na kwastan a Tema, ka ga ko bai isa ya saya maka injin yanka ba. Ga mai garin katako irin namu, ɗauko katako daga Turai abin mamaki ne.

Wanda zai ƙera nasa, zaɓen katako ne rabin aikin. Katakon wawa shi ne mai sauƙin kuɗi da sauƙin yanka, shi ya sa hannu ke fara kai wa gare shi. Nauyinsa wajen kilo 380 ne a kowace kubik mita in ya bushe, kusan rabin nauyin danta ke nan. Yana da laushi, duka kaɗan ya lotsa, ga ƙwaron nan mai huda katako yana zubo da gari yana sonsa ƙwarai. A yi kanta da shi, a yi cikin durowa, amma ban da saman tebur. Danta ne zaɓina na farko in an samu busasshe: mai tauri ne, ƙwayarsa a matse, da shi ake yin ƙotar kayan aiki, kuma yana ferewa sumul. Dahoma ma yana da nauyi da ƙarfi, ya dace da ƙafafu da madogarai, sai dai ɗanyensa wari gare shi mai shiga hanci, garinsa na sa atishawa da ƙaiƙayin ido, yana murɗewa in an gaggauta busar da shi, kuma yana yin baƙi inda ƙusa ta taɓa shi in akwai laima. Kusia yana jure gara da ruwa, ya yi kyau a ƙafar da za ta tsaya a ƙasa. Odum kuwa kowa ya san darajarsa, amma a wannan tsadar tasa, bar wa mai ƙofar gida da zai biya.

Inda masu ƙera nasu suka fi faɗawa rami shi ne ɗanyen katako. Tun 1998 doka ta haramta tsaga katako da injin sarƙa don sayarwa, amma duk wanda ke shiga kasuwar katako ya san shi ne ya cika ta. Wannan na daji da wuya ka samu kaurinsa ɗaya daga wannan kai zuwa wancan, kuma sau da yawa da ruwansa yake isowa. Na kamfanin tsaga ya fi tsada, amma awonsa daidai ne, asarar da za ka yi wajen ferewa kaɗan ce, ga kwanciyar hankali ta fuskar doka. In mai katako ya ce maka, “Masta, wannan ya bushe tun tuni,” ka amsa masa da “To, Alhaji, bari in ɗaga in ji,” sannan ka ɗaga ɗin. Ka sa tafin hannu a sabon yanka. In ka ji sanyi-sanyi, ko garin zarto yana dunƙulewa a yatsa maimakon ya watse, da sauransa.

Maganin shi ne haƙuri. Jera katakon a inuwa, ka ɗaga shi daga ƙasa, ka sa ƙananan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a sama, ka shafa fenti a kawunan don kada su tsage. Hanya mai sauƙi ta sanin ya isa: ware guntu ɗaya ka riƙa auna shi a sikeli duk mako, ranar da nauyin ya daina sauka ka fara aiki. Katako mai kaurin inci biyu watanni yake ɗauka. Hunturu na gaggauta bushewa, amma shi ne kuma ke tsaga abin da aka bari a rana. Teburin da aka harhaɗa da ɗanyen katako a watan Yuni, kafin Janairu ya wuce samansa ya buɗe baki, ƙusa da fensir suna faɗawa ta tsakani, kuma duk abin da ka haɗa a kansa zai ɗauko karkacewarsa.

Wanda ba zai iya jira ba, ga hanya ta tsakiya. Filawud ɗaya mai ƙafa 4 da 8, kaurin milimita 18, a tsaga shi biyu ta tsawo, a manne ɗaya kan ɗaya da gulu da sukuru. Ka samu sama mai faɗin ƙafa biyu da kaurin milimita 36 wanda ba ya murɗewa. In ka rage tsawon zuwa ƙafa 6, guntayen da suka fita sun ishe ka ɗan kanta a ƙasan teburin. Ka zagaye bakinsa da katako mai tauri don kada ya ɓare. Bai kai na danta daɗin dukan cizal ba, amma ya fi na kwali nesa ba kusa ba, kuma ran da ya gaji sai a kwance a juya ɗaya fuskar.

Tsayi kuma a jikinka za ka auna. Tsaya a miƙe, ka saki hannu, inda wuyan hannunka ya tsaya nan ne saman tebur, wanda ga yawancin mutane yakan faɗa tsakanin santimita 85 da 90. Mai yawan fere da hannu ya ɗan rage, mai aiki da ƙananan injuna ya ɗan ƙara. Na kwali tsayi ɗaya yake zuwa da shi, kuma bayanka ne zai biya bambancin. Ƙafafu kada su gaza inci 3x3, madogaran da ke haɗa su a huda musu rami a zura harshe a ciki, ko a ɗaure da manyan noti. Ƙusa kaɗai sakewa take yi. Na fi son noti ga ɗan haya, saboda ran da mai shago ya ce yana son wurinsa, ka kwance teburinka ya shiga aboboya ɗaya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Kafintocin unguwar Anloga ma da suka shekara da shekaru a wurinsu, aikin hanya ya tashe su zuwa Sokoban, balle mai haya.

Akwai zaɓi na uku da mutanen Kumasi suka fi kowa samun sauƙinsa, wato ka kai awonka Suame Magazine, matattarar makanikai da masu aikin ƙarfe, ko wurin mai walda na unguwa a haɗa maka ƙafafun ƙarfe, kai kuma ka ɗora katako a sama. Gara ba ta cin ƙarfe, kuma ga wanda shagonsa ke kusa da rafin Aboabo inda ruwa ke shigowa, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Sai dai ka tsaya a kan kaurin ƙarfen, ka ga an sa madogari na karkace, a shafa jan fentin hana tsatsa kafin na ado. Ka kuma tabbata an bar maka katako mai kauri a gaba inda bayis zai zauna, don masu walda kan manta da wannan sai an tuna musu.

Lissafin da ake mantawa

Masu cewa ƙerawa ta fi araha kuɗin katako kawai suke ƙirgawa. Ka ƙara na inji a Sokoban ko Kwadaso na ferewa da tsagawa, na aboboya, gulu, noti, maganin gara irin su Solignum na ƙafafu, sannan ka ƙara kwanakin da ka ajiye aikin mutane. In a kwanakin nan da gado biyu za ka haɗa ka karɓi kuɗi, to kuɗin nan ma a kan teburin suke. Shi ya sa lokacin da kasuwa ta yi sanyi ya fi dacewa da wannan aiki. Gab da Sallah ko Kirsimeti, lokacin da kowa ke son kujerunsa jiya-jiya, ba lokacin ƙera tebur ba ne. Wanda aiki ya yi masa yawa, babu kunya ya ba wani kafinta ya haɗa masa bisa awonsa, ko ya sa yaran shago su yi yana dubawa, su ma sun ƙaru. Wanda kuma aikinsa na bin gine-gine ne, yau Ejisu gobe Abuakwa, tebur mai naɗewa na saye ya fi masa amfani da mai nauyin da sai mutum huɗu sun ɗaga. Haka ma'aikacin ofis da ke taɓa katako ranar Asabar don sha'awa: in ba shi da kayan aikin haɗa tebur, ya ba da a yi masa.

Jakuna da kanta ba sa buƙatar dogon bayani. Kafinta ya sayi jaki da kuɗinsa, abin dariya ne. Ragowar 2x4 da rabin yini sun isa, kuma da jaki biyu da tsohuwar ƙofa a kai za ka yi ta aiki har katakon teburinka ya bushe. Kantar falanki a kafa ta a bango, nesa da ƙasa, a bar tazara a baya don a riƙa leƙa hanyar gara.

Inda za a kashe kuɗin

Wurin kulle kaya ne nake karkata ga saye. Akwatin katako yana da kyau ga cizal da zarto, don katako yana rage musu laima, kuma kowane kafinta zai iya haɗa shi. Amma injin huda da injin goge katako, waɗanda kuɗinsu ya fi na duk sauran kayan shagon, akwatin ƙarfe mai kauri suke so, wanda aka ɗaure a ƙasa ko a bango, da kwaɗo a ɓoye inda almakashin ƙarfe ba zai kai ba. Tsohon kabad ɗin ofis na ƙarfe daga masu kayan gwanjo yana yin wannan aiki da kyau. Ja kowace durowa har ƙarshe ka ji ko tana tafiya, ka duba ƙasansa, don daga nan tsatsa ke farawa. Layin ƙarfen da durowa ke gudu a kai ma saye ake yi, ka ɗauki mai ƙwallaye a ciki in za ta ɗauki nauyi.

Bayis kuwa kada ka yi masa rowa, kuma ka saye shi kafin ka yanka katakon tebur, don kaurin saman da wurin ƙafar gaba duk a kansa za a auna. Tsofaffin Record na Ingila, lamba 52 mai baki inci 7 ko 52½ mai inci 9, in ka ci karo da su a gwanjo sun fi sababbi marasa nauyi da yawa. Buɗe shi har ƙarshe ka duba zaren ko ya cinye. Rufe shi a kan takarda ɗaya ka ja ta ta kowane gefe, in ta zame ta gefe guda bakin ya karkace. Goge dattin da ke bayansa ka nemi tsaga ko tabon walda, musamman kusa da ramukan noti. Tsatsar sama ba komai ba ce, samfefa da ɗan mai sun gama da ita, har ma ta ba ka bakin neman ragi. Amma mai tsaga ko nawa aka rage maka, ajiye wa mai shi kayansa ka ƙara gaba.