Sai da izinin intanet zan kashe fitilar ɗakina

Wata tara ke nan da na sa wannan kayan a gidana: ƙwan lantarki huɗu masu canza launi, soket biyu, da ƙararrawar ƙofa mai kyamara. Duk na kamfani ɗaya ne, kuma duk da manhaja ɗaya ake sarrafa su a waya. Da a makon farko na rubuta wannan sharhi, da yabo zalla za ku karanta. Gara da na jira.

Bari in fara da abin da ya yi mini rana, domin kada a ce na zo da gaba. Soket ɗin nan biyu ba ni da ƙorafi a kansu ko kaɗan. Ɗaya na jona wa dutsen guga, domin ni mutum ne da sai na yi nisa da gida zuciyata take fara tambayata ko na kashe shi. Yanzu sai in ciro waya in duba, idan a kunne yake in kashe daga inda nake. Ɗayan kuma na jona wa fanka, na sa mata lokaci ta mutu da kanta idan dare ya raba, lokacin da ɗaki ya yi sanyi. Abu ɗaya da zan ja kunnen mai saye a kai shi ne ya duba ƙarfin da aka rubuta a jikin soket ɗin kafin ya jona abu mai zuƙar wuta. Mai amfiya 10 a wutar bolt 230, iyakarsa wat 2,300, kuma akwai dutsen guga da hita da suke kaiwa nan ko su wuce. Babban abin da ya sa nake son soket ɗin kuwa shi ne wani ɗan maɓalli da ke gefensa. Ko da waya ko ba waya, ko da intanet ko babu, ka danna ya kawo, ka danna ya ɗauke. Ku riƙe maganar maɓallin nan, za mu dawo kanta.

Ƙwan lantarkin ne suka fara koya mini haƙuri tun daren farko. A jikin kwali an zana matakai uku, an ce cikin minti biyu an gama. Ni dai tun bayan magariba nake abu ɗaya har yara suka yi barci. Manhajar sai ta yi ta juya ɗan da'irarta, ta kai kusan ƙarshe, sannan ta ce an kasa haɗawa, a sake gwadawa. Ba ta faɗin dalili. Duk sanda aka kasa kuma, sai ka mayar da ƙwan yadda ya fito daga kamfani, wato ka tsaya a jikin bango kana kunnawa kana kashewa sau biyar a jere har ya fara ƙyaftawa. Duk wanda ya hango tagar gidana a daren nan zai ɗauka wata alama nake yi wa wani.

Daga baya na gano matsalar da kaina. Wi-Fi na gida yana da layi biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Yawancin irin waɗannan ƙananan na'urori na 2.4 kawai suke ji, saboda kayan haɗa shi ya fi araha kuma ya fi ratsa bango. Rautar gidana kuwa, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ta haɗe layukan biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, wayata tana kan na 5, ƙwan yana laluben na 2.4. Sai da na shiga saitin rauta na raba su, na ba kowane sunansa, sannan aka daidaita. Layi ɗaya tak da manhajar za ta rubuta mini ya isa ya cece ni daga wannan wahala, amma ba ta rubuta ba.

Akwai kuma tarin izinin da take nema kafin ta buɗe. Na sanin inda kake, wannan na yi mata uzuri, domin tun daga Android 6 da ya fito a 2015 duk manhajar da za ta lalubo Wi-Fi ko Bluetooth na kusa sai ta nemi wannan izini, tunda da su ana iya gane inda mutum yake. Sai a Android 12, a 2021, aka ware wa Bluetooth izininsa daban. To amma lambobin mutanen da ke cikin wayata fa? Me ƙwan lantarki zai yi da lambar surukina? Na hana, kuma komai ya ci gaba da aiki, abin da ya nuna mini tun farko ba buƙata ba ce.

Da suka fara aiki, gaskiya na ji daɗi. Hasken yana da kyau, ana iya rage shi ya koma ja-ja mai taushi da dare, ba ya kashe ido. Launukan kuwa, kore da shuɗi da sauransu, kwana uku yara suka yi suna wasa da su, daga nan ba wanda ya sake waiwayarsu.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙwai mai wayo ba ya jin umarni sai da wuta a jikinsa dare da rana, ko yana haske ko ba ya yi. Ma'ana, makunnin bango dole ya zauna a kunne har abada. Da zarar wani ya kashe shi kamar yadda kowane ɗan Adam ya saba yi idan zai fita daga ɗaki, shi ke nan, manhaja za ta nuna maka ƙwan ya ɓace, duk jadawalin da ka tsara ya tashi a banza. Mu biyar ne a gidan, ni kaɗai ne ke tuna wannan doka. Na kai ga manna salatif a kan makunnai huɗu. Ku yi tunani: na sayi kayan zamani don in sauƙaƙa rayuwa, na ƙare da salatif a bango ina gadin makunni.

Da mahaifiyata ta zo ta yi mana mako biyu, ɗakin da muka sauke ta akwai ɗaya daga cikin ƙwan. Daren farko ta kira ni, ta ce in zo in kashe mata fitila tunda na liƙe makunnin. Na ciro waya, na buɗe manhaja, ta tsaya tana lodi. Hajiya tana zaune a bakin gado tana kallona. Can ta ce, "Kai yanzu fitilar ma sai an roƙe ta?" Na ce, "Hajiya, yanzu za ta mutu." Ta ce, "To Allah ya ba ta iko." Washegari da safe na tarar ta ɓare salatif ɗin ta ninke shi ta ajiye mini a kan tebur.

Sai maganar ɗauke wuta. Yadda aka saita ƙwan daga kamfani, duk sanda wuta ta dawo sai su kama da cikakken haske, fari fat. Na gane hikimar, don makunnin bango ya riƙa aiki kamar na ƙwai na gargajiya ne. Amma ƙwan ba ya bambance hannun mutum da dawowar wuta. Ranar da aka ɗauke da tsakar dare aka dawo da ita wajen ƙarfe uku, gidan gaba ɗaya ya haske kamar filin ƙwallo, jaririyarmu ta farka da kuka. Maiɗakina ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Abban Yusra, wayon ke nan?" Akwai saitin da ke sa ƙwan ya tuna halin da yake ciki kafin a ɗauke wuta, amma an binne shi can cikin shafi na huɗu, kuma sai ka yi wa kowane ƙwai nasa daban.

Abin da ya fi ci mini rai, wanda kuma shi ne dalilin rubutun nan, ya faru ne ranar da intanet ɗin gidan ya yanke. Rauta tana kunne, wayata tana kan Wi-Fi, ƙwan yana kan Wi-Fi ɗin, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Na danna kashewa, shiru. Ashe idan na danna, umarnin ba kai tsaye yake zuwa wurin ƙwan ba. Sai ya fita daga gidana, ya tafi can wata ƙasa wurin manyan kwamfutocin kamfanin da ake kira saba, sannan su su aiko wa ƙwan da ke saman kaina cewa ya mutu. Idan hanyar ta yanke, ni da fitilata mun zama baƙin juna. A nan na fahimci kallon kitse na yi wa rogo. Gilashin da robar nawa ne, amma wayon da na biya kuɗi dominsa aro ne aka ba ni.

Kuma mai aro yana iya karɓe kayansa. Ba zato nake yi ba, an sha gani. Kamfanin Nest ya sayi Revolv a 2014, a watan Mayun 2016 ya kashe sabarsa, na'urar da mutane suka saya don ta haɗa musu kayan gida ta zama kwalin banza. A watan Afrilun 2022 Insteon ya rufe nasa sabar ba tare da ya sanar da kowa ba, mutane suka wayi gari manhaja ba ta aiki, sai daga baya wasu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗu suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. Ko kamfani bai mutu ba ma, tangarɗa ta isa. Ranar 7 ga Disamban 2021 da sabar Amazon ta AWS ta samu matsala a gabashin Amurka, masu ƙararrawar Ring da masu injin shara na Roomba sun yi sa'o'i manhajojinsu ba sa amsawa. Idan manya irin waɗannan suna tuntuɓe, ina ga kamfanin da ya yi nawa ƙwan?

Ƙararrawar ƙofar ba zan daɗe a kanta ba, don ba ta cancanci dogon bayani ba. Hoton yana da kyau da rana, da dare kuma ana gane fuska idan mutum ya matso. Amma sanarwar tana makara. Baƙo zai danna, ya jira, ya ƙwanƙwasa da hannu, a buɗe masa, ya zauna, sannan wayata ta yi ƙara ta ce akwai mutum a ƙofa. Rabin laifin na wayar ne. Don batir ya daɗe, waya tana sa manhajojin da ba a buɗe ba barci, kuma kamfanin da ya ƙera tawa ya ƙara nasa tsaurin a kan wanda Android ya zo da shi. Wurare uku daban-daban na shiga a saiti na ce a ƙyale wannan manhaja, amma duk sanda wayar ta sabunta kanta sai in tarar an mayar da ɗaya. A gefe guda kuma, kyanwa ta gifta, sanarwa. Iska ta kaɗa inuwar bishiya, sanarwa. Na rage mata ƙarfin gani, sai ta daina ganin mutane ma. Bayan kwana talatin kuma ta sanar da ni cewa ajiye bidiyo na gwaji ne, daga yanzu sai da kuɗin wata-wata. Babu ramin saka katin ajiya a jikinta, kuma ban yarda mantuwa ce ta sa ba.

A wata na shida manhajar ta sabunta kanta cikin dare. Na tashi na tarar da sabuwar fuska: maɓallan da na saba da su sun koma ƙasa, sama kuma tallan sabbin kayan kamfanin ne. Jadawalin fankata ya ɓace, saitin tuna haske ya koma yadda yake tun farko, wanda ban sani ba sai da aka sake ɗauke wuta da dare. Wannan ma ba sabon abu ba ne a wannan harka. Sonos, masu yin sifika, sun fitar da sabuwar manhaja a watan Mayun 2024 wadda ta zo babu abubuwan da mutane suka saba amfani da su kullum, ƙorafi ya yi yawa har shugaban kamfanin, Patrick Spence, ya sauka a watan Janairun 2025. Ni kuwa da na rubuta wa masu kula da abokan ciniki na kamfanin nawa, amsa ta zo cikin daƙiƙa biyar, alamar ba mutum ne ya karanta ba: in kashe rauta in kunna, in goge manhaja in sake saukewa. Na mayar da bayani dalla-dalla cewa na yi duk wannan. Aka sake turo mini saƙon farko, harafi bai canza ba.

Nawa laifin shi ne ban yi bincike ba kafin in saya. Tun watan Oktoban 2022 aka fitar da wani tsari mai suna Matter, wanda Apple da Google da Amazon da Samsung duk suka sa hannu a ciki, kuma an gina shi ne yadda umarni zai tafi daga waya zuwa na'ura a cikin gida, ba sai ya zaga duniya ba. Akwai kuma kayan da ke amfani da Zigbee, masu magana da wata 'yar na'ura da ake ajiyewa a gida maimakon su cika wa rauta kai. Nawa ba su da ko ɗaya. Da yau zan saya, tambayar da zan fara yi kafin launi da kafin kyau ita ce: idan na zare wayar intanet, me zai ci gaba da aiki? Ta biyu kuma: wanda ba shi da manhajar, yaro ko baƙo ko tsohuwa, zai iya kunnawa da hannunsa? Don fitilar rufi, makunnin bango mai wayo ya fi ƙwai mai wayo nesa ba kusa ba, domin shi ana danna shi kamar kowane makunni kuma waya ma tana iko da shi, sai dai yana buƙatar mai gyaran wuta ya ɗaura.

Soket biyun suna nan, zan ma ƙara ɗaya. Ƙwai ɗaya na bari a fitilar gefen gado, inda ba mai taɓa makunninta sai ni. Sauran ukun suna cikin durowa a kwalinsu, na mayar da ƙwan da na cire tun farko, waɗanda Allah ya sa ban zubar ba. Ƙararrawar tana manne a ƙofa don cire ta zai bar ramuka huɗu a bango, amma na kashe sanarwarta, baƙi sun koma ƙwanƙwasawa.

Jiya da dare manhajar ta aiko mini da saƙo, wai ta lura na'urorina uku sun daɗe ba sa kan layi, ko ina buƙatar taimako? A ƙasan saƙon kuma tana roƙon in ba ta tauraro biyar.